Ɗana yana buƙatar allurar fakto, ni kuma ina suma idan na ga allura

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a Kano. Ɗana na biyu yana da shekara bakwai. Tun yana ɗan shekara biyu, ranar da aka yi masa kaciya, jini ya ƙi tsayawa har sai da aka yi masa ƙarin jini a asibiti, daga baya likitoci suka tabbatar mana yana da himofiliya nau'in A mai tsanani, wato cutar gado da ke hana jini daskarewa. Ana yi masa allurar fakto 8 ta jijiya, wato sinadarin daskarar da jini da jikinsa ya rasa, kuma an ce in koyi yi masa da kaina a gida. Matsalata ita ce tun ina yarinya ba na iya ganin jini ko allura, sai in ji jiri in faɗi, kuma na taɓa suma a gabansa a asibiti. Yanzu idan gwiwarsa ta kumbura sai in shafa masa man zafi in yi ta jan lokaci don kada mu je, ga shi ta kumbura sau uku cikin 'yan watannin nan. Shi ma ya koyi tsoron, sai an danne shi kafin a yi masa. Kakarsa ta wajen uba kuma ta ce maganin jinin mutane ne mai ɗauke da ƙanjamau, wani ɗan'uwa ya ce ya karanta a takardar cikin kwalin cewa da wata dabba mai kama da ɓera ake yin sa, saboda haka haram ne. Suman da nake yi kuwa sun ce iska ce. Maigidana direban babbar mota ne, ba ya zama. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne gwiwar nan da ta kumbura sau uku, saboda haka da ita zan fara kafin mu zo kan maganar kakarsa da kuma suman da kike yi.

Idan jini ya zuba a cikin gaɓa ba ya fitowa waje a gan shi, taruwa yake yi ya miƙe siririyar fatar da ta lulluɓe gaɓar daga ciki, wannan ne ke kawo zafin da kumburin. Jiki yana shanye jinin a hankali, shi ya sa kike ganin kumburin ya saɓe bayan kwanaki har ki ɗauka man zafin ne ya yi aiki. Amma sinadarin ƙarfen da ke cikin jinin yana zaunawa a wurin, ya sa fatar nan ta yi kauri ta cika da ƙananan jijiyoyi masu saurin fashewa, ya kuma riƙa cin guringuntsin da ke hana ƙashi gugar ƙashi. Kowace zuba tana share wa ta gaba hanya. Likitocin jini suna ɗaukar gaɓar da ta zubar da jini sau uku ko fiye cikin wata shida a matsayin gaɓar da ke cikin haɗari na musamman, kuma gwiwar ɗanki ta kai wannan matsayi ko ta kusa. Idan aka bar ta haka, tana iya sanƙarewa tun bai kai shekara goma sha biyar ba, guringuntsin da ya cinye kuwa ba ya dawowa. Don haka kada allurar yaron ta jira warkewarki. A cikin makon nan ki zauna da maigidanki ku zaɓi babban mutum ɗaya mai natsuwa, ƙanwarki ko kawunsa ko wata ma'aikaciyar jinya da ke kusa da ku, wanda zai riƙa kai shi da zarar ya ce yana jin ɗumi ko tsami a gaɓa, tun kafin kumburin ya fito, domin fakto ya fi amfani idan aka yi shi cikin awa biyun farko.

Kafin a kai ga allurar, a hutar da ƙafar, a ɗaga ta a kan matashi, a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na ɗan lokaci. A daina tausa da man zafi, kada a kai shi wurin maɗori, kada a yi masa ƙaho ko tsaga ko cire beli. Maganin ciwon da ya dace da shi shi ne farasitamol. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak suna ƙara zubar jini, kuma ba a yi masa allurar ɗuwawu sai da sanin likitan jininsa.

Maganar kakarsa tana da asali, kuma ina ganin za ki fi samun kanta idan kika fara da amsa mata cewa abin da ta ji ya taɓa faruwa. Da can kusan duk fakto 8 daga jinin mutane ake samunsa. A shekarar 1964 wata mai bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, Judith Graham Pool, ta gano cewa idan aka daskarar da ruwan jini aka bar shi ya narke a hankali cikin sanyi, wani farin gudaji yana kwantawa a ƙasa, kuma fakto 8 a cikinsa yake taruwa. A shekarun 1970 kamfanoni suka fara haɗa ruwan jinin dubban mutane wuri guda suna fitar da fakto a matsayin gari cikin ƙaramar kwalba, abin da ya ba iyalai damar yin allura a gida a karon farko. Illar ita ce idan mutum ɗaya cikin dubban nan yana ɗauke da ƙwayar cuta, duk haɗin ya gurɓata. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980 kusan rabin masu himofiliya a Amurka sun kamu da ƙanjamau ta wannan hanya. A Birtaniya, kwamitin binciken da Sir Brian Langstaff ya jagoranta ya fitar da rahotonsa a watan Mayun 2024, inda ya nuna cewa mutum fiye da 30,000 sun kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta ta hanyar jini da magungunan da aka yi da jini, kusan 3,000 sun rasu, kuma cikin masu larurar zubar jini kimanin 1,250 ne suka kamu da ƙanjamau, 380 daga cikinsu yara ne. Wannan bala'i ne ya sa aka dage wajen neman fakto da ba ya buƙatar jinin kowa.

Ga yadda ake yin sa. Kowane furotin da jikin mutum ke ƙerawa yana da umarninsa a cikin ƙwayoyin gado, kuma umarnin fakto 8 yana kan wani zaren ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom X, wanda ɗa namiji yake da guda ɗaya tak. Idan nasa ya samu tangarɗa ba shi da na biyun da zai rufa masa, shi ya sa cutar ta fi bayyana a maza, kimanin ɗaya cikin kowane 5,000 da aka haifa. A shekarar 1984 masu bincike a kamfanonin Genentech da Genetics Institute na Amurka suka ware wannan umarni suka kwafe shi. Aikin ya yi wuya domin fakto 8 babban furotin ne mai jerin ƙananan sinadarai 2,332, kuma sai an liƙa masa wasu rassan sukari an naɗe shi yadda ya kamata kafin ya yi aiki a jini. Ƙwayoyin bakteriya da aka yi amfani da su wajen ƙera insulin na masu ciwon sukari ba su iya wannan liƙi ba, dole aka koma ga tantanin dabba mai shayarwa, wato ƙaramar ƙwayar halitta irin waɗanda aka gina jiki da su. Wanda aka fi amfani da shi ya fito ne daga wata 'yar dabba dangin ɓera da ake kira hamsta, kuma nan ne maganar ɗan'uwan naku ta samo tushe. Wani masani mai suna Theodore Puck ne ya ɗebo tantanin daga jikin dabbar a shekarar 1957 ya raine shi a ɗakin gwaji, kuma tun daga lokacin yake ta rarrabuwa yana hayayyafa a cikin kwalabe. Ba a kiwon dabbar a masana'anta, ba a yanka ta, ba a matso komai daga jikinta.

Ana shigar da umarnin fakto 8 na ɗan Adam cikin wannan tantani, a zaɓi wanda ya fi ƙera furotin ɗin da kyau, a ninka shi, a gwada shi a tabbatar babu ƙwayar cuta, sannan a adana shi cikin ƙananan kwalabe a ruwan naitirojin mai tsananin sanyi. Duk lokacin da za a fara sabon haɗi sai a ɗauko kwalba ɗaya a narkar, kamar yadda mai kindirmo ke ajiye ɗan iri daga na jiya ta zuba a sabuwar madara. Daga ƙaramar kwalba ake ciyar da shi zuwa manyan tankunan ƙarfe da aka tsare daga iska da ƙura, a ɗumin digiri 37 irin na jikin mutum, cikin ruwan da aka haɗa da sukari da gishiri da bitamin da sauran abin da tantani ke ci. Yana girma yana fitar da fakto 8 cikin ruwan. Sai a tace a raba ruwan da tantanin gaba ɗaya, a bi da shi ta cikin wasu bututu da aka cika da sinadarin da ke riƙe fakto 8 shi kaɗai ya bar sauran tarkace su wuce, a maimaita wannan tacewa ta hanyoyi daban-daban. Duk da cewa babu jinin kowa a ciki, yawancin kamfanoni suna ƙara matakin kashe ƙwayoyin cuta da wani sinadari mai narkar da fatarsu, wasu kuma su bi da shi ta matacin da ya fi ƙwayar bairos ƙanƙantar ƙofa. A ƙarshe a busar da shi cikin sanyi ya zama farin garin da kike gani a kwalba mai lamba 250 ko 500 ko 1,000.

An amince da na farko, Recombinate, a Amurka a 1992, Kogenate ya biyo baya a 1993, na masu himofiliya nau'in B kuma, waɗanda fakto 9 suka rasa, wato BeneFIX, ya fito a 1997. Recombinate da Kogenate na farkon nan ana ƙara musu wani furotin da aka ciro daga jinin mutane don kada su lalace a kwalba, amma daga 2003, da fitowar Advate, aka samu fakto 8 da ba a zuba masa furotin na mutum ko na dabba a kowane mataki. Fiye da shekara talatin ana amfani da irin wannan fakto a duniya, kuma ba a samu rahoton ya sa wa wani ƙanjamau ko ciwon hanta ba. Ki sa likita ya karanta miki kwalin da ake ba ku, domin har yanzu akwai fakto da ake yi da ruwan jini, shi ma tun tsakiyar shekarun 1980 ake tantance masu bayarwa ana kuma kashe ƙwayoyin cutar da zafi ko da sinadari, ya zama abin dogaro. Abin da nake so kakarsa ta duba shi ne, idan aka hana yaron fakto har jini ya zuba masa da yawa, abin da asibiti zai koma a kai shi ne ƙarin jini ko ruwan jini kai tsaye daga jikin wani mutum, kamar yadda aka yi masa ranar kaciya. Gudun fakto shi ne ke kai shi ga abin da take tsoro.

Batun halal da haram kuwa hukuncinsa na malamai ne, roƙona kawai a kai musu cikakken bayani: abin da ke cikin kwalbar furotin ne irin na jikin mutum, an raba shi da tantanin da ya ƙera shi, abin da ya rage na dabbar ɗan burbushi ne da sai na'ura ke iya gano shi, wanda aka rubuta a takardar saboda masu borin jini, kuma barin maganin yana jawo nakasa ko rasa rai. Maigidanki ne ya fi dacewa ya kai wannan tambaya ga malamin da mahaifiyarsa take girmamawa, ya kuma tafi da ita idan ta yarda, domin abin da ta ji da kunnenta daga bakin malam ya fi abin da surukarta za ta faɗa mata tasiri. Idan kuma har hankalinta bai kwanta ba, akwai nau'o'in da ake ƙerawa da tantanin ɗan Adam, irin su Nuwiq da Eloctate, sai dai samunsu ya danganta da abin da ya iso asibitinku.

Akwai haɗari na gaske guda ɗaya da ya kamata ki sani. Kusan yaro ɗaya cikin uku ko huɗu masu himofiliya A mai tsanani, garkuwar jikinsu tana ɗaukar fakto a matsayin baƙo ta ƙera abin da ke kashe masa ƙarfi, wanda likitoci ke kira inhibita, kuma yawanci cikin allurai hamsin na farko yake fitowa. Alamarsa ita ce a yi allura yadda aka saba amma zafin da kumburin su ƙi sauka. Idan kin ga haka ki gaya wa likita ya yi gwajin.

Yanzu ga naki. Abin da kika siffanta sananne ne a wurin likitoci, nau'i ne na matsanancin tsoro da ya shafi jini da allura da rauni, yana samun mutum uku zuwa huɗu cikin ɗari, yana farawa tun ƙuruciya, kuma yakan bi dangi. Ya bambanta da sauran tsoro ta fuska ɗaya. Mai tsoron maciji ko hawa sama, zuciyarsa bugawa take yi da sauri har abin ya wuce, ba ya faɗuwa. Ke kuwa abin hawa biyu yake zuwa miki: da farko zuciya ta yi sauri jini ya hau, sai nan take jiki ya juya, bugun zuciya ya ragu, jijiyoyin ƙafafu su saki, jini ya taru a ƙasa ya kasa isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Daga nan sai gumi mai sanyi, da tashin zuciya, da ƙara a kunne, da duhu a ido, sai faɗuwa. Da zarar kin kwanta jini ya koma kai, cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka kin farfaɗo. Abin da ke zuwa a kan sababi ɗaya kullum, da alamomi iri ɗaya, ya kuma tafi da kwanciya, aikin jijiyoyi ne. Ki ci gaba da addu'o'inki da azkar, ki kuma sa likita ya auna miki jini ya saurari zuciyarki, musamman idan kin taɓa suma ba tare da ganin jini ba.

Abin da ke raya wannan tsoro shekara da shekaru shi ne gudu. Duk ranar da kika samu dalilin fasa zuwa asibiti, kina jin sauƙi nan take, kuma wannan sauƙi yana koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudun ne ya cece ki, sai gobe tsoron ya ƙaru. Maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa shi ne tunkarar abin tsoron daki-daki. Tun 1924 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Mary Cover Jones, ta raba wani ƙaramin yaro da tsoron zomo ta hanyar matso da zomon kusa da shi kaɗan-kaɗan yana cin abincin da yake so, kuma Joseph Wolpe na Afirka ta Kudu ya tsara hanyar sosai a shekarun 1950. Amma ga mai suma sai an fara toshe faɗuwar jinin tukuna, kuma a nan ne aikin Lars-Göran Öst na ƙasar Suwidin ya shigo, wanda a 1987 shi da abokin aikinsa suka fitar da tsarin ɗaure tsoka.

Ki zauna a kujera, ki ɗaure tsokar hannuwanki da ƙirjinki da cikinki da cinyoyinki gaba ɗaya, kina numfashi yadda kika saba, na daƙiƙa 10 zuwa 15, har ki ji ɗumi yana hawa fuskarki. Sai ki sassauta ki koma yadda kike, ba tare da sakin jiki gaba ɗaya ba, na daƙiƙa 20 zuwa 30. Ki maimaita sau biyar a jere, ki yi hakan sau biyar a rana har mako guda. Idan kin jingina shi da bayan kowace salla ba za ki manta ba. Ɗaurewar tana matse jijiyoyi ta tura jini sama, ta hana shi faɗuwa. Idan kin ji ciwon kai, kin matsa da yawa ne, ki rage ƙarfi, kuma idan kina da hawan jini ko juna biyu ki fara tuntuɓar likita. Ki lura cewa shawarar da mutane suka saba bayarwa ta a saki jiki a ja dogon numfashi ba ta dace da ke ba a lokacin da jiri ya fara, domin ƙara saukar da jini take yi. Abin da za ki koya shi ne gane alamar farko, gumin nan ko nauyin ciki, ki fara ɗaurewa nan take har ta wuce.

Bayan mako guda sai ki fara tunkara, kina zaune, da wani babba a kusa. Ki fara da abin da tsoronsa bai wuce uku cikin goma ba a ma'auninki, misali kallon hoton sirinji a waya, ki ci gaba da kallo kina ɗaurewa har tsoron ya ragu da kamar rabi, ki sake gobe da jibi har ya zama ba komai. Daga nan ki riƙe sirinji a cikin ledarsa, sannan ki buɗe shi, sannan ki koyi haɗa garin fakto da ruwansa kina juya kwalbar a hankali ba tare da girgizawa ba, wanda aiki ne babba da za ki iya ɗauke wa mai yi masa allurar tun yanzu. Sai kallon bidiyon ɗibar jini, da farko daga nesa, daga baya kusa. Sai ki roƙi ma'aikatan jinya su bar ki ki zauna a bakin ƙofa ana yi wa wani, sannan a kusa da gadon. Sai a ɗebi naki jinin kina kallo. Sai gwaji a kan hannun roba idan suna da shi, sannan a kan hannun babban da ya yarda, a gaban ma'aikaciyar jinya. Ɗanki shi ne matakin ƙarshe, kuma a lokacin ƙafafu da ciki kawai za ki ɗaure, hannuwa su zauna a sake don kada su yi rawa. Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce kada ki tashi lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa, domin tashi a wannan lokaci gudu ne. Idan mataki ya fi ƙarfinki, ki koma na bayansa ki ƙara kwanaki. Idan kuma kin suma, ki kwanta a ɗaga miki ƙafafu, ki farfaɗo, ki koma kan matakin a ranar ko washegari. Suma ɗaya ba ta rushe abin da aka gina.

Na fi so ki yi wannan tare da masanin halayyar ɗan Adam, domin a binciken Öst mafi yawan masu wannan tsoro sun samu sauƙi sosai cikin zama biyar, daga baya ma ya nuna cewa zama ɗaya mai tsawo na kusan awa uku yana wadatar da mutane da yawa. Ki roƙi likitan jinin yaron ya tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin da ke Dawanau, ki faɗa musu ƙarara cewa horon tunkarar tsoro kike nema. Zuwa can ba alamar taɓin hankali ba ne. Ki guji ƙwayoyin kwantar da hankali irin su baliyam da wani zai iya ba ki shawara a kemis: suna dusashe tsoron na 'yan awoyi ba tare da ƙwaƙwalwa ta koyi komai ba, suna kama jiki, kuma ba a riƙe allura a jijiyar yaro da hannun da magani ya kashe.

Shi kuma yaron, danne shi da ake yi yana cikin abin da ke ƙara masa tsoron, kuma yaron da zai rayu da allura har girmansa bai kamata ya haɗa ta da kokawa ba. A zaunar da shi a kan cinyar wanda ya yarda da shi, a rungume shi ta baya, a miƙa hannun a kan matashi. Akwai man kashe zafi mai suna EMLA da ake shafawa a rufe da leda awa ɗaya kafin allura. Ki tambayi likita. Ya sha ruwa sosai, a ɗumama hannun da tsumma mai ɗumi don jijiya ta fito, a yi amfani da ƙaramar allurar nan mai fuka-fuki, a danna wurin minti biyar bayan an cire. Kada a ce masa ba zafi, domin idan ya ji zafin ba zai sake yarda da maganarku ba. A ce masa zai ji tsini kaɗan na ɗan lokaci. A ba shi zaɓi a ƙananan abubuwa, wane hannu, zai kalla ko zai kalli waya, shi zai goge wurin ko a goge masa. Dalilin yawan allurar ma ya kamata ya sani daidai hankalinsa: rabin fakto 8 yana ƙarewa a jini cikin kimanin awa goma sha biyu, shi ya sa ake maimaitawa. Har zuwa lokacin da za ki daina suma, ki zauna da shi kafin allura da bayanta, ki bar tsakiyar ga wanda kuka zaɓa, ki kuma gaya masa gaskiya cewa ke ma kina koyo.

Idan kun je ganin likita na gaba, ki tambaya game da emicizumab, wanda ake sayarwa da sunan Hemlibra. An amince da shi a Amurka a 2017, ba fakto ba ne amma yana yin aikin fakto 8 a jini, ana yin sa a ƙarƙashin fata ba a jijiya ba, sau ɗaya a mako ko a mako biyu ko a mako huɗu. Rigakafi ne kawai, idan jini ya zuba sai an koma ga fakto, saboda haka bai ɗauke miki koyon allurar jijiya ba. Yana da tsada ƙwarai, kuma yawancin abin da ke isowa Najeriya na waɗannan magunguna gudummawa ce ta Ƙungiyar Himofiliya ta Duniya da ke Montreal a Kanada, ta hannun Gidauniyar Himofiliya ta Najeriya. Ki tabbatar sunan yaron yana cikin rajistarsu, ki kuma nemi su haɗa ki da iyayen da suka riga suka koyi yin allura a gida. Ki nemi a auna yawan fakto 8 a jininki, domin wasu iyaye mata da ke ɗauke da ƙwayar gadon nasu ma yana ƙasa, abin da ke sa haila mai yawa da zubar jini bayan haihuwa. Idan kina da 'ya mace ita ma a duba ta, kuma duk ɗa namijin da za ki haifa nan gaba kada a yi masa kaciya sai an gwada jininsa. A rubuta wa yaron kati mai ɗauke da nau'in cutarsa da nauyinsa da adadin fakto da ake ba shi da lambar likitansa, ɗaya a aljihunsa ɗaya a wurin malamin ajinsu. Idan ya bugu a kai, ko wuyansa ya kumbura, ko ya yi amai ko bayan gida mai jini, ko ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, a kai shi asibiti a take ko da tsakar dare ne, a kuma nemi a fara yi masa fakto kafin a tsaya ɗaukar hoto.